BABI NA UKU: TARIHIN ZAƁEN WURIN KOYON SANA'A A ƘASAR FAKKU

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo bayanin ƙasar Fakku da mutanenta da hanyoyin da suke bi wajen neman abinci. A wannan babi za a dubi yadda ake zaɓar wa yaro wurin koyon sana'a a wannan yanki, tun daga zamanin da maƙera da masaƙa ta gida ita ce makaranta, har zuwa lokacin da aka sami kwalejojin fasaha na gwamnati. Fakku tana cikin ƙaramar hukumar Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, inda jihar ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. Wannan zama na kan iyaka yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Abin da babin ke son nunawa shi ne, a mafi yawan tarihin nan ba uba ne ke yin zaɓen ba. Gado ya yi masa, daga baya En'e ta yi masa, sannan jarrabawa da iyakar jiha suka yi masa. Sai a 'yan shekarun baya ne zaɓen ya faɗo hannunsa sosai, kuma ya faɗo a lokacin da rarrabe makarantar kirki da ta banza ya fi wuya.

3.1 Kafin Zuwan Turawa

A ƙasar Hausa ta dauri, sana'a gado ce. Ɗan maƙeri yakan buɗe ido ya ga uwar maƙera da masaba da awartaki, aikinsa na farko kuma shi ne jan zuga-zugi. Daga nan a ba shi gyaran bakin lauje, kafin a yarda ya ƙera fartanya ko galma shi kaɗai. Haka abin yake ga majema da dukawa da marina da masassaƙa da wanzamai da mahauta. Babu ranar shiga, babu ranar fita, babu kuɗin makaranta. Shi ya sa Bahaushe ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har yanzu ana ganin ragowar wannan tsari a maƙwabta, misali a Aliero, inda ɗorin karaya yake tafiya a cikin gidajen da suka gaje shi.

Duk da haka akwai ƙofar zaɓe, ko da yake ƙarama ce. Sana'o'i irin su ɗinki da gini da rini da fatauci sukan karɓi bare. Uban da ya so ɗansa ya koyi ɗaya daga cikinsu yakan ɗauke shi ya danƙa wa wani gwani amana, yaron ya zauna a gidansa, ya yi masa noma da damina, ya yi masa aikin sana'a da rani. Yadda uba ke gane gwani ba boyayye ba ne. Yakan ga aikinsa a kasuwa, ko a kasuwannin ƙauye na mako-mako ko a babbar kasuwa irin ta Jega. Yakan san yaran da ya yaye, ya san ko sun tsaya da ƙafarsu. Yakan kuma san halinsa, wato ko yana ciyar da yaran gidansa, ko yana salla, ko yana ɓoye asirin sana'a. Wannan na ƙarshe babban abu ne, domin akwai gwanayen da kan riƙe yaro shekara da shekaru yana aike da share fage, ba su taɓa nuna masa inda gaɓar aikin take ba.

Abin lura a nan shi ne, shaidar koyarwa da shaidar aiki abu ɗaya ne. Wanda fartanyarsa ba ta lanƙwashewa a fako, shi ne ya cancanci a kai masa yaro.

3.2 Zamanin Turawa: Makarantar da Aka Zaɓa wa Yaro

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Makarantar boko ta farko mai tsari da gwamnati ta buɗe a Arewa ita ce ta Nasarawa a Kano, wadda Hanns Vischer, da aka fi sani da Ɗan Hausa, ya kafa a 1909. A cikinta akwai sashen sana'a, inda ake koyar da kafinta da ƙira da aikin fata da saƙa. Sai dai tun daga nan aka raba hanya: 'ya'yan sarakuna da malamai suna aji, masu koyon sana'a suna rumfar aiki. Wannan rabo ya daɗe yana bin ilimin fasaha a Arewa.

Daga wannan lokaci har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ba ta ɗauki koyar da sana'a a matsayin aikin makaranta sosai ba. Ma'aikatun da ke bukatar masu aikin hannu su ne ke horar da nasu, musamman Ma'aikatar Ayyuka da ta jirgin ƙasa, da kuma yadin En'e inda ake gyaran motoci da yin kujeru da ƙofofi. Layin dogo ya isa Ƙaura Namoda a 1929 ta Gusau, bai kuwa ƙaraso Sakkwato ba, balle ƙasar Tambuwal da Kebbe. Don haka yaron Fakku ya yi nisa da wuraren da ake koyon sababbin sana'o'in, sai fa wanda cin rani ya kai Gusau ko Zariya ko Kano ya maƙale a garejin wani.

Canji ya fara ne da shirin raya ƙasa na shekara goma da aka soma a 1946, wanda ya ware kuɗi don cibiyoyin koyon sana'a. A ƙarƙashinsa da abin da ya biyo bayansa aka buɗe cibiyoyi a Yaba da Inugu da Kaduna, daga baya a Bukuru da Kano da Ilori. A 1956 aka kafa Cibiyar Fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Gwamnatin Jihar Arewa ta kuma buɗe ƙananan makarantun sana'ar hannu a larduna, waɗanda ke ɗaukar yaran da suka gama firamare, su ba su share fage a aikin katako da ƙarfe da gini, sannan a tura waɗanda suka yi fice zuwa manyan cibiyoyin. A can ake zana jarrabawar City and Guilds ta Landan, ko kuma jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya.

A nan ya kamata a tsaya a dubi yadda yaro ke shiga. Da farko dai, a karkarar Lardin Sakkwato ba iyaye ke kai yara boko ba. Hakimi ake rubuto wa ya kawo yara kaza, shi kuma ya raba wa dagatai da masu unguwanni, wanda ba shi da mai tsaya masa a kama nasa. Bayan an gama firamare kuma, sakamakon jarrabawa da ganawar baki su ke raba yara. Na gaba-gaba a tura su sakandare, masu bi musu a tura su kwalejin horon malamai, sauran a tura makarantar sana'a. Ba a tambayar yaro ko hannunsa na son aikin, ba a kuma duba ko gidansu gidan maƙera ne. Ta haka ɗan maƙeri kan zama malamin makaranta, ɗan malami kuma a miƙa masa zarto.

Illar wannan tsari ita ce ya dasa wa mutane cewa makarantar sana'a wurin wanda bai ci ba ne. Abin mamaki shi ne, a wancan lokaci ne makarantun suka fi inganci ta fuskar kayan aiki da abinci da malamai, kuma wanda ya fito da takardar City and Guilds ba ya kwana yana neman aiki. Kwamitin Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, ya koka a kan yadda ilimin Nijeriya ya karkata ga aikin ofis, ya kuma yi gargaɗin ƙarancin masu fasaha. Amma a idon mutumin ƙauye, akawun En'e mai farar riga ya fi bakanike mai baƙin mai a hannu, ko da albashinsu ɗaya.

3.3 Daga 1967 zuwa 1986: Zamanin Takarda

Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967 mai hedikwata a Sakkwato, sannan jihar Sakkwato a 1976, bukatar ma'aikatan fasaha ta ƙaru ƙwarai. Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, ga masaƙar Gusau, ga aikin madatsar ruwa ta Bakolori da ta Goronyo, ga gine-ginen makarantu da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya jawo. Gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a 1971, wanda ya fito da tsarin tura ɗalibai masana'antu don sanin makamar aiki a 1973. A 1977 aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, aka kuma kafa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai mazauni a Kaduna. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba hukumar ikon tsara mafi ƙarancin abin da makaranta za ta mallaka, da tantance kowane kwas kafin a amince da takardarsa.

A wannan zamani ma'aunin makarantar kirki ya koma takarda. Tambayar da uba mai ɗan wayewa ke yi ita ce, idan yaro ya gama, a wane mataki na albashi gwamnati za ta ɗauke shi? Tambayar tana da hujja, tunda gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki. Sai dai ta kawar da ido daga ɗakin aiki, wanda shi ne zuciyar makarantar sana'a.

Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa daga 1982 ya nuna haɗarin wannan a fili. Manufarsa ita ce kowane yaro ya taɓa zarto da guduma da wayar lantarki a ƙaramar sakandare, domin a gane mai hannun sana'a a tura shi kwalejin fasaha. An sayo injuna masu yawa daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekosulobakiya. Da yawa daga cikinsu sun ruɓe a cikin akwatunansu, saboda an kai su makarantun da ba su da lantarki, ba su da ɗakin da za a kafa su, ba su da malamin da ya san yadda ake tayar da su. Yara suka riƙa zana hoton injin a littafi suna haddace sunayen sassansa, alhali injin yana kulle a sito bayan ajinsu. A ra'ayin wannan nazari, babu abin da ya zubar da darajar ilimin fasaha a idon iyayen karkara kamar wannan, domin sun gani da idonsu cewa ana iya ba yaro shaidar ya koyi abin da bai taɓa riƙewa ba.

3.4 Iyakar Jiha da Abin da Ta Jawo wa Fakku

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar Fakku kai tsaye. Tsohuwar jihar Sakkwato ta kafa babbar kwalejinta ta fasaha a Birnin Kebbi a cikin shekarun 1970. Ga ɗan ƙasar Kebbe da Tambuwal, wannan makarantar gida ce: jiharsa ce, kuma ta hanyar Jega ba wata tafiya ce mai nisa ba. Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire jihar Kebbi, kwalejin ta tafi da ita. Ita ce daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa, ake kiranta da sunan Waziri Umaru. Haka kwalejojin fasaha na matakin sakandare da ke Bunza da Zuru suka faɗa sabuwar jiha.

Jihar Sakkwato ta sake kafa wata kwalejin kimiyya da fasaha a Talatar Mafara a 1992. Shekara huɗu kacal bayan haka, ran 1 ga Oktoba 1996, aka cire jihar Zamfara, ita ma wannan ta tafi, ita ce Kwalejin Abdu Gusau ta yanzu. Ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka buɗe a 1983, ita ma ta koma cikin Zamfara. Sai a 2002 jihar Sakkwato ta sami tata a cikin birnin Sakkwato, wadda daga baya aka sa wa sunan Umaru Ali Shinkafi.

Ke nan cikin shekara biyar, sau biyu ana mayar da ɗan Fakku baƙo a makarantar da aka gina da kuɗin jiharsa. Makarantun ba su matsa ko taki ɗaya ba, amma a makarantar jiha ɗan asali ne ke da fifiko wajen gurbi, kuma bisa al'ada wanda ba ɗan jiha ba ya fi biyan kuɗi. Kwalejojin fasaha na matakin sakandare da suka rage wa Sakkwato kuwa, irin su na Farfaru da Runjin Sambo a cikin birni, da na Binji da Bafarawa, duk suna tsakiya ko arewa ko gabashin jihar. Uba a Fakku ya sami kansa tsakanin makarantar da ke kusa amma ta wata jiha, da tasa ta jiha amma mai nisa, wadda sai yaro ya yi kwana. Ga manomin da ke bukatar hannun ɗansa da damina, nisa ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa sun zaɓi hanya ta uku, wato su kai yaro gareji ko shagon walda a Tambuwal ko Jega ko Gummi, inda zai iya dawowa gona idan ruwa ya sauka.

3.5 Bayan 1986: Komawar Zaɓe Hannun Uba

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rage ɗaukar aiki a gwamnati, masana'antu kuma suka fara durƙushewa. Takarda ta daina zama tabbacin albashi. Gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda ta fara aiki a 1987, kuma babban shirinta shi ne ta ɗauki matasa ta danƙa su ga masu gareji da teloli da kafintoci na gari, tana biyan ɗan alawus. Ma'anar wannan ita ce gwamnati da kanta ta koma ga tsarin maigida da yaronsa, wanda aka yi shekaru ana kallonsa a matsayin na jahilai. Ta ɓangaren mata, shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka ƙaddamar a 1987, ya yawaita cibiyoyin koyon ɗinki da saƙa da yin sabulu a ƙananan hukumomi, ko da yake yawancinsu ba su daɗe ba bayan gwamnatin da ta kawo su.

A 1992 aka kafa hukumar NABTEB mai mazauni a Binin, ta karɓi jarrabawar sana'a da ta kasuwanci daga hannun hukumomin Ingila da WAEC. Daga nan tsanin ya fito sarai: shekara uku a kwalejin fasaha bayan ƙaramar sakandare, a sami takardar NTC; mai son ci gaba ya yi difloma ta ƙasa shekara biyu, ya yi shekara ɗaya a wurin aiki, sannan babbar difloma shekara biyu. A 2007 kuma aka ba 'yan kasuwa damar buɗe cibiyoyin koyon sana'a masu zaman kansu a ƙarƙashin kulawar NBTE. Wannan ya ƙara yawan wuraren koyo, ya kuma buɗe ƙofa ga masu kama shago biyu su rataya allo, su ajiye kwamfuta uku, su buga takardar shaida mai ado wadda babu hukumar da ta san da ita.

A daidai wannan lokaci sana'o'in da ke ci a karkara suka sauya. Shirin noman fadama na shekarun 1990 ya cika fadamu da injunan ban-ruwa, babura suka yawaita, ga injin niƙa, ga wayar hannu daga 2001, ga fitila da famfo masu aiki da hasken rana a baya-bayan nan. Duk waɗannan suna lalacewa, kuma mai su ba zai kai su Sakkwato gyara ba. Yaron da ya koyi gyaran injin ban-ruwa ko haɗa wutar sola yana da kasuwa a ƙofar gidansu, wanda kuwa ya koyi sarrafa babban injin masana'anta dole ya bar gida, ya tafi neman masana'antar da wataƙila ta rufe.

Saboda haka uban da ke zaɓe a yau yana ɗauke da ma'auni biyu da tarihi ya bar masa, kuma ɗaya ba ya isa ba tare da ɗaya ba. Na zamanin takarda yana nan da amfaninsa: a tabbatar kwas ɗin da yaro zai yi, shi kansa kwas ɗin ba sunan makarantar kawai ba, yana cikin waɗanda NBTE ta tantance, kuma makarantar tana shigar da ɗalibanta jarrabawar NABTEB ko ta gwajin sana'a. In ba haka ba, ƙofar difloma da ta aikin kamfani a rufe take. Na zamanin kakanni kuwa shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato gani ya kori ji. A je makarantar ranar aiki ba tare da sanarwa ba, a shiga ɗakin aiki, a duba ko akwai ɓarɓashin katako da tartsatsin walda a ƙasa, ko kuwa an share shi tas an kulle. A tambayi yara nawa ke kan injin ɗaya, da wa ke sayen man janareta da ƙarfe da katakon gwaji. A nemi waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce a ga abin da suke yi. Malamin da ba shi da wani aikin hannunsa da zai nuna, da wuya ya koyar da abin da hannu ke yi. Wannan nazari yana ganin yaron da ya fi dacewa shi ne wanda ya haɗa biyun, yana kwaleji lokacin karatu, yana garejin wani gwani lokacin hutu, domin kwaleji tana ba shi lissafi da karanta zane, gareji kuma yana koya masa ciniki da haƙuri da mai kaya.

Akwai kuma ma'auni na uku da bai kasance a lissafin iyaye ba a da. Bayan sace ɗalibai a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talatar Mafara a watan Fabrairu na 2021, da na Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na wannan shekara, tambayar farko da ake yi game da makarantar kwana ita ce ko tana da katanga da masu gadi, da kuma wace hanya ake bi a kai gare ta. A 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗauke kuɗin makaranta a kwalejojinta na fasaha tare da ba ɗalibai alawus na wata-wata. Akwai irin wannan kwaleji ta tarayya a Zuru, wadda ba ta tambayar ɗan Fakku takardar asalin jihar Kebbi, amma kafin uba ya duba kuɗin da aka ɗauke masa, sai ya fara lissafa dajin da ke tsakaninsa da Zuru.